Dutsen da Na Ɗauko wa Gregory

Litinin, 5 ga Mayu, da safe

Gregory ne ya ce in zo ƙasar nan. Na rubuta wannan a farko don kada wani ya juya labarin bayan raina. Ina zaman zamana a Kafanchan, ina koyar da labarin ƙasa a kwaleji, ɗalibai na miƙewa idan na shiga aji, sai ya bugo waya ya ce, "Malam Taswira, har yaushe za ka ci gaba da shaƙar alli? Nan irinka ake nema. Kafin shekara ta zagayo kana koyarwa a jami'a." Shekara ta zagayo kusan sau talatin. Shi da muka yi koyarwa tare, ofishinsa na kallon nawa, ya zama mai kantin magani, da gida a Fort Washington inda yake kallon kogi daga falo. Ni kuwa ina tuƙa motar da ke kwasar masu wankin ƙoda daga gidajensu zuwa Largo. Digirina biyu suna gareji, cikin kwalin tsohuwar talabijin.

Amma yau ba ranar wannan ba ce. Jiya da yamma 'yarmu Irene ta zo ta ajiye wayarta a gabana, ta ce in karanta. Ta saya mana tikiti, ni da uwarta Martina. Madeira, da ƙaramin tsibirin da ke kusa da shi, Porto Santo. Ƙasar Fotugal, amma can tsakiyar teku, sun fi kusa da Afirka a kan Turai. Na tambaye ta da Hausa ko ta san abin da ta yi, ta amsa da Turanci kamar kullum, wai tun tana ƙarama nake zana mata tsibirin a bayan ambulan ɗin wasiƙa, ta gaji da ganinsa a takarda.

Na shiga bayan gida na daɗe. Martina ta ƙwanƙwasa ta ce, "Baban Irene, lafiya?" Na ce sabulu ne ya shiga mini ido.

Laraba, 7 ga Mayu, da rana

Na kafa doka a gidan nan namu na Bowie: ba wanda zai ji labarin tafiyar. Ba coci, ba ƙungiyar 'yan garinmu, ba zumuntar mata.

Martina ta ce wannan al'adar mutanen da ce. Na ce mutanen da sun fi mu hankali. Mahaifiyata ko kasuwar Zonkwa za ta, rafi take ce wa maƙwabta. Ba a faɗar tafiya sai ƙafa ta sauka. Ni da na yi boko na raina wannan, ga abin da na gani. Shekarar da na sanar a coci za mu Florida, surukina ya rasu, tikitin ya koma na Abuja. Da na gaya wa 'yan ƙungiya za mu Kanada kallon ruwan nan mai zubowa, yayana ya faɗi a gona. Duk hutun da na taɓa ɗauka a ƙasar nan kabari ne ya cinye shi. Na san filin jirgin Abuja da baƙaƙen kaya kawai.

Ta ce, "To, in an tambaye ni fa?"

Na ce, "Ki ce kina hutawa. Ai gaskiya ce."

Juma'a, 9 ga Mayu, da yamma

Na sayi takalmin hawan dutse. Ina ta yawo da shi a falo don ya saki. Martina ta ce na yi kama da sojan da aka manta da shi a bariki.

Asabar, 10 ga Mayu, da hantsi

Na fito da tsohuwar taswirata na shimfiɗa a teburin cin abinci. Tsibirin nan ba ƙasa ba ce da ta ɓalle daga wata. Wuta ce ta taso daga ƙarƙashin teku, ta yi ta amai a kan amai har ta leƙo sama da ruwa ta sandare. Abin da na koyar ke nan shekara da shekaru, da alli mai launi da nake saya da kuɗina.

A bikin Kirsimeti na ƙungiya Gregory ya nuna ni da cokali a gaban yara da mata ya ce, "Ga mutumin da ya tsufa yana koyar da dutse mai aman wuta, bai taɓa ganin ko hayaƙinsa ba." Na ce na kai ɗalibai Panyam sun ga wani da ya daɗe da mutuwa da idonsu. Ya ce, "Wancan ai tudun dankali ne." Aka yi ta dariya. Har Fasto.

Zan ɗauko masa dutse. Baƙi, mai huji-huji, wanda ko jahili ya gani ya san wuta ce ta dafa shi. In na dawo in shiga falon nan nasa mai kallon kogi, in ajiye masa a kan teburin gilashi ba tare da na ce uffan ba. Ina son ganin fuskarsa. Kwana biyu ke nan ina gwada yadda zan ajiye shi.

Lahadi, 11 ga Mayu, bayan sujada

Glory, matar Gregory, ta tare ni a wurin ajiye motoci.

"Malam, mutuminka yana cigiyarka."

"Me kuma ya samu?"

"Numfashin ne. Tun Alhamis suka riƙe shi a asibitin Largo."

"Ai ya saba. Otal ɗinsa ne."

Ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Ya ce in gaya maka ka zo. Wai yana da magana."

Na ce zan leƙo. Gregory ya kwanta asibiti ya fi a ƙirga, kowane karo ya fito da sabuwar mota. Irinsu ba sa rasa komai.

A hanyar gida Martina ta ce, "Ka je kafin mu tashi Alhamis." Na ce na ji. Ta ce, "Ni nas ce, na ga idon Glory." Na kunna rediyo.

Talata, 13 ga Mayu, da yamma

Na sauke fasinjana na ƙarshe, asibitin yana tsallaken titi. Na ajiye mota. Na kai har ƙofar da ke buɗe kanta, sai na hango kaina a gilashi: sabon aski, gemu a gyare, har da wani murmushi da ban san na fito da shi ba. Gregory zai kalle ni sau ɗaya ya ce, "Malam Taswira, ina zuwa?" Tun muna samari ban taɓa iya ɓoye masa komai ido da ido ba. In ya ji, Glory ta ji. In Glory ta ji, kafin magariba Kafanchan ta ji. Kuma dutsen ya tashi a banza.

Kwana goma ne. Maganar da ta jira tun Kafanchan za ta iya jiran kwana goma.

Laraba, 14 ga Mayu, da safe

Gobe. Na auna akwati har ya gaji da ni.

Alhamis, 15 ga Mayu, da yamma, filin jirgin Dulles

Irene ta kawo mu. Na sa ta shigo da mota cikin gareji ta rufe kafin mu ɗora kaya. Ta ce da Turanci kamar masu gudun hijira. Ba baƙar riga ko ɗaya a akwatina. Na duba don in tabbatar.

Juma'a, 16 ga Mayu, da la'asar, Funchal

Na gan shi! Daga taga, bayan mun canja jirgi a Lisbon. Teku, teku, teku, sai ga wani abu kore shar ya tsaya cak a tsakiya da gajimare a ka kamar hula. Na riƙe hannun Martina har ta ce zan karya ta. Filin saukar a kan ginshiƙai aka ɗora rabinsa, bisa ruwa, don babu shimfiɗaɗɗen wuri a tsibirin. Jirgi ya karkata, iska ta kaɗa shi, ya sauka, Turawa suka tafa wa direba. Ni ma na tafa. Ban tuna rabon da na tafa wa wani ba.

Garin a jikin dutse yake, fararen gidaje masu jan rufi, wani bisa wani har sama. Ayaba a kowane lungu. Ayaba a Turai! Hanyoyin ƙafa an shirya su da ƙananan duwatsu baƙi da fari kamar saƙar tabarma. Na durƙusa na taɓa baƙin. Martina ta ce, "Tashi, ana kallonka." Na ce su kalla.

Asabar, 17 ga Mayu, da yamma

Mun hau wani akwatin gilashi da ke rataye a waya, ya ɗauke mu bisa rufin gidaje har unguwar Monte. Martina ta rufe ido tana waƙar zumunta. Saukowa kuma, wallahi ban taɓa ganin irinsa ba: kwandon kaba ne babba a kan katako, a zaunar da mutum biyu, ƙarti biyu da fararen kaya da malafa su turo ku gangaren kwalta, takalmansu ne birki. Matar da ta ƙi buɗe ido a sama ita ce ke cewa su ƙara gudu. Ɗankwalinta ya tashi. Tana dariya irin wadda na sani kafin aikin dare ya cinye mata murya.

Abincin rana: nama a tsinke an gasa da gishiri da tafarnuwa. Tsire ne ba ƙuli. Sai wasu 'yan dunƙule soyayyu a gefe. Na ɗanɗana na ce, "Martina, tuwon masara ne." Ta ce ba haka ba. Ta ci, ta ce, "Tuwon jiya ne suka yanka suka soya, kuma suke sayar mana." Mun yi dariya har mai kawo abinci ya zo ya tambaya ko lafiya.

Glory ta kira muna cikin ci. Ban ɗauka ba.

Lahadi, 18 ga Mayu, da rana

Na ɗauka yau, a ɗaki, bayan na rufe tagar da ke kallon teku.

"Malam, ba mu gan ku a coci ba."

"Mura ce ta ɗan taɓa ni. Ba na so in kawo masa."

"Ayya, sannu. Ga shi nan kusa, in ba shi wayar?"

"Haba Glory. In gaishe shi a waya kamar wani baƙo? Ga Bowie ga Largo. Da ƙafata zan zo."

Na ji muryarsa daga nesa, a shaƙe, yana cewa wani abu. Ta ce, "Wai haka ne. Shi ma ya ce ba maganar waya ba ce, ta zama ce. Ka warke ka zo, ya ce kujera tana nan."

A wurinmu in kana gari ɗaya da marar lafiya ba ka gaishe shi ta waya. Raini ne. Kowa ya san wannan.

Martina tana bakin gado tana shafa mai a ƙafa. Ta ce, "Ni dai shiru na yi. Mura kuwa taka ce, kai ka ƙirƙiro ta." Na ce ta shirya, mota na jira.

Litinin, 19 ga Mayu, da yamma

Rana mafi kyau tun da na bar gida. Ban ce tun Alhamis ba, na ce tun da na bar gida.

Mun zagaya arewa. Rami bayan rami aka fasa cikin dutse, ka fito daga duhu sai ka ga teku a ƙasa can kamar za ka faɗa. Gonakinsu hawa-hawa ne a jikin tsauni, kowace ba ta fi tabarma uku ba, an tokare da ginin dutse, irin na mutanenmu na kan tudun Kagoro. Kuma sun haƙa 'yan magudanai a gefen tsauni da ke ɗauko ruwa daga inda ake yawan sama zuwa inda babu. Direban motar yawon yana bayani da Turanci, ya faɗi wani abu ba daidai ba game da yadda iska ke ajiye ruwanta a arewa, sai na gyara masa a hankali. Wata Bajamushiya ta juyo ta ce in ƙara bayani. Na ƙara. Kafin in ankara rabin mota sun juyo suna saurarena, ina zane da yatsa a gilashi. Wani ya tambaya ko ni farfesa ne. Martina ta riga ni, ta ce, "Malami ne."

A Porto Moniz na same shi. Wurin da narkakken dutse ya gangaro ya haɗu da teku ya daskare, ya bar tafkuna da mutane ke wanka a ciki. Na naɗe wando na shiga har gwiwa. Na ɗauki wannan na ajiye, na ɗauki wancan na ajiye. Wanda na zaɓa bai kai dunƙulen hannu ba, baƙi ƙirin, huji ko'ina kamar soso, kuma ba nauyi. Tudun dankali. Zai gani.

Talata, 20 ga Mayu, da hantsi, cikin jirgin ruwa

Za mu ƙaramin tsibirin. Martina tana ciki tana fama da tashin zuciya, ni ina waje iska na dukana. Wasu manyan kifaye sun yi ta tsalle a gefen jirgi suna rakiyarmu. Na yi musu magana da Hausa.

Talata, da yamma, Porto Santo

Wannan kuma wata duniya ce. Can kore da tsauni, nan fili da fari-fari, kamar an ɗauko wani yanki na arewacin Katsina an jefa a teku. Rairayi ruwan zinariya, ka bi shi da ido har ya ƙare maka. Garin, Vila Baleira, bai fi unguwa ɗaya ba: dandali, itatuwan dabino, coci fari, tsofaffi a benci suna kallon duk wanda ya wuce kamar a gida. Suna cewa rairayin yana maganin ciwon gaɓoɓi. Martina ta binne ƙafafunta har ƙauri ta ce kada in tashe ta sai Yesu ya dawo.

Na ce mata a nan ya kamata a ce mun tsufa. Ta ce, "Mun riga mun tsufa, Baban Irene. A kan titin Beltway, tsakanin gida da wurin aiki."

Saƙon murya daga Glory. Zan saurara gobe.

Laraba, 21 ga Mayu, da safe

Ruwan nan ɗumi gare shi da safe. Na yi iyo. Ni, a shekaruna.

Laraba, da rana

Na saurara.

"Malam, murar ba ta sake ka ba? Sun mayar da shi ɗakin sama. Jiya Fasto ya zo zai zauna a kujerar, ya hana shi, wai ta Malam Taswira ce. Duk wanda ya turo ƙofa sai ya ɗaga kai. Na ce masa ya faɗa mini maganar in isar, ya ce ba ta mata ba ce, kuma ai kana nan kusa. Ko da takunkumi ne ka zo, likita ya ce ba komai. Ko Raymond ya zo ya ɗauko ka in ba ka iya tuƙi."

Raymond ɗansu ne. In ya je Bowie zai tarar da gida a rufe.

Martina ta ji duka, don ban san yadda ake rage muryar ba. Ta zare ƙafafunta daga rairayi ta karkaɗe su a hankali.

"Ɗakin sama na san shi. Ba a kai mutum can don ya huta."

"Ranar Lahadi muna gida."

"Mutum yana riƙe da magana a baki don yana zaton kana nan kusa. Da ya san kana tsakiyar teku da tuni ya faɗa maka a waya."

"Ba a faɗar tafiya sai..."

"Ƙafa ta sauka tun Juma'a, Yashim."

Rabon da ta kira sunana tun kafin a haifi Irene.

Ta ɗauki wayarta ta tafi bakin ruwa inda ba zan ji ba. Na ga bayanta kawai. Ta daɗe. Da ta dawo ta ce mu haɗa kaya, jirgin ruwa na yamma zai koma babban tsibiri, Irene tana nema mana jirgin sama na gobe.

Ban tambaye ta abin da Glory ta ce ba.

Laraba, da yamma, cikin jirgin ruwa

Faɗuwar rana a teku. Ja, sannan ruwan goro, sannan wani launi da ba mu da sunansa. Ya kamata mutum ya ga wannan sau ɗaya.

Alhamis, 22 ga Mayu, da hantsi, filin jirgi

Iska. Wadda na yi wa Turawa bayaninta ranar Litinin. Jirage suna zuwa su yi shawagi su juya. In ba su sauka ba, ba mai tashi. Mutane zube a ƙasa da akwatuna. Wata ma'aikaciya ta ce haka yake yi wani lokaci, kwana ɗaya, kwana biyu, sai haƙuri. Na san dalilin sarai. Zan iya zana mata.

Alhamis, da la'asar

Glory ta kira wayar Martina, ba tawa ba. Martina ta miƙo mini.

Ba gaisuwa. Ta ce, "Tun daren jiya bai yi magana ba. Sun ce yana ji. Zan sa maka a kunnensa."

Na koma bayan wani ginshiƙi na toshe ɗaya kunnen. Ina jin wata na'ura tana ƙara a hankali, da numfashi mai ja.

Na ce, "Gregory, ni ne."

Na jira ya ce Malam Taswira.

Abin da ya fito daga bakina shi ne darasi. Na ce masa ina tsaye a kan wuta da ta huce. Na gaya masa yadda ta taso daga ƙasan teku, yadda ta yi ta hawa kan kanta. Na gaya masa gonakin Kagoro suna nan, da tuwon masara soyayye, da ayaba. Na ce na ɗauko masa shaida tana aljihuna, ya jira ya gani kafin ya sake buɗe baki a gaban mutane. Na ce, "Kai ka ce in zo ƙasar can, na zo. Yanzu ni na ce ka jira." Ina jin muryata ta koma ta aji, har wasu yara da ke zaune a kan akwati suka juyo.

Sai Glory ta ce, "Ya isa haka, Malam. Nas ta shigo."

Juma'a, 23 ga Mayu, da safe

Iska.

Juma'a, da yamma

Sun mayar da mu wani otal a Machico, kusa da filin jirgi. Gari ne mai kyau, a bakin wani lungun teku, da majami'a tsohuwa da itatuwa masu inuwa a dandali. Suna da rairayi da aka ce a jirgi aka kawo shi daga Maroko. Akwai wani kifi baƙi dogo mai haƙora da suke soyawa da ayaba. An kawo mana. Martina ba ta taɓa ba.

Wayarta ta yi ƙara muna zaune. Ta duba, ta tashi, ta fita waje. Na cinye nawa. Na cinye nata. Kifin yana da daɗi ƙwarai, ba ƙaya.

Asabar, 24 ga Mayu, da safe

Iska ta kwanta. Sama garau. Daga tagar jirgi na ga duka tsibiran biyu lokaci guda, babba da ƙarami.

Litinin, 26 ga Mayu, da yamma, Bowie

Mun je Fort Washington. Motoci har bakin titi. Mata a kicin, maza a falo, takalma a ƙofa kamar kasuwa. Da na shiga hira ta tsaya, sannan ta ci gaba da ƙarfi fiye da da. Wani daga 'yan ƙungiya ya ce, "Malam, an sha iska. Har ka yi haske." Wani ya ce, "Ya mura?" Ba wanda ya yi dariya, ba wanda ya tsawata masa.

Glory tana zaune a ƙasa cikin mata. Na durƙusa na yi mata gaisuwa. Ta amsa yadda ake amsawa. Na tambaye ta a hankali ko ya bar mini wani saƙo, ko wurin Raymond, ko wurin Fasto.

Ta ce, "Na tambaye shi har ya ji haushi. Ya ce in ka zo."

Teburin gilashin an ture shi jikin bango, an ɗora kulolin abinci. Hannuna yana aljihu tun da na shiga har na fita.

Ƙungiya ta ce ni ne zan raka shi gida, tunda ni ne abokinsa na tun Kafanchan. Martina ta fito mini da baƙaƙen kayan daga bayan kabad.

Talata, 27 ga Mayu, da safe

Na koma aiki. Na sauke fasinjoji a Largo. Asibitin yana tsallaken titi.

Dutsen yana kan taswira a teburin cin abinci. Ya bar ɗan baƙin gari a kan teku.

Gregory ya rasu ranar Juma'a da rana, agogon nan. Shi kaɗai ya rage a ƙasar nan da ya taɓa ganina da alli a hannu. Maganar da ya ajiye mini bai faɗa wa kowa ba.